Hannun Haya

Ƙarfe tara aka ce.
Sha ɗaya ta gota, mawaƙin bai iso ba.
Ni da jitata mun saba.
A Limete jira ma cikin kiɗan yake,
shi ne dai ba a biya.

Sunana Ilunga. Kada ka wahalar da ido
wajen nemansa a bayan faifai.
Yawanci ni ne "da sauransu".
Sau ɗaya sun rubuta Ilunda,
duk da haka na sayi biyu,
na aika wa uwata ɗaya a Kananga.

Ɗakin ba taga.
An manne bango da soson katifa da kwalin ƙwai
don kada Kinshasa ta shigo.
Takan shigo:
hon ɗin bas, ruwan sama a kan kwano,
mai tallan gawayi da muryarta mai huda bulo.
Bokelo injiniya na bayan gilashi
kamar kifi a kwalba.
In ya ɗaga yatsa, jar fitila ta kama,
tari ma sai ka haɗiye.

Da azahar yaron ya iso, turarensa ya riga shi.
Shekara ashirin da uku, tabarau a cikin duhu.
Ya ce, "Papa, yi mini abu kamar ruwa,
amma ruwan da ke jin haushi."
Na gyaɗa kai.
Shekara talatin da ɗaya ina tafinta
tsakanin bakin da bai san abin da yake so ba
da tsirkiya shida.

Ɗauka ta farko, ta yi sanyi.
Ta huɗu, ta cika surutu.
Ta shida, wuta ta ɗauke,
muka zauna shiru muna jin janareto yana kakari.
A ta tara yatsana ya zame.
Ɗan ƙaramin, wanda sanyin ƙashi ya fara ci,
ya sauka inda ban aike shi ba.
Na rufe ido don kunya.
Yaron ya daka tsalle:
"Shi ke nan! Abin da nake ta faɗa ke nan!"

To, sai na zauna koyon kuskurena.
Sau goma sha biyu ina bin sawun tuntuɓe
har na iya faɗuwa daidai,
a wuri ɗaya, da gangan,
ba tare da an ji gangancin ba.
Ni da na koyi kiɗa da wayar birkin keke
ɗaure a gwangwanin mai,
ban taɓa shan wuyar darasi kamar wannan ba.

Ambulan ta zo da dare.
A banɗaki na ƙirga, kamar kullum.
Ta gaza kaɗan, kamar kullum.
Na cire kuɗin tsirkiya, na cire na mota,
saura ya isa kifi da garin rogo na kwana huɗu.

Wata biyar bayan nan, a bas ɗin Masina,
rediyo ya sako ta.
Kwandasta, rataye a ƙofa,
yana fito da baki, yana bin zamewar yatsana
tiryan-tiryan.
Wata mata da kwandon tumatir a cinya ta ce,
"Yaron nan, Allah ya ba shi hannu."
Na dubi hannun. Yana riƙe da canji.
Kanta a bakin yatsu,
farce ɗaya a tsage.
Na ce, "Ya ba shi."

A gida Mujinga ta manna kunne a wayarta.
"Baba, wanne ne kai a ciki?"
Na ce, bar muryar ta wuce,
bar ganga ta wuce.
Can hagu, ƙasa-ƙasa,
akwai wani da ya kusa faɗuwa.

Ta saurara. Ta sake mayarwa baya.

Gobe ƙarfe tara aka ce.
Waƙar coci ce, suna son jita mai tsoron Allah.